Ƙafar hagu ta koma makaranta: yadda na saba da kulocin sabuwar motar tsere a Ingila

Ranar da na ɗauko motar daga wurin dillali, sau uku ta mutu a hannuna kafin in isa gida. Na farko a bakin ƙofar fita, ma'aikacin da ya miƙa min makulli yana tsaye yana ɗaga min hannu. Na biyu a shataletalen Park Square da ke tsakiyar Sheffield, danja ta ba da hannu, bas mai hawa biyu tana bayana. Na uku a hawan layinmu, a gaban maƙwabcina da ya fito zubar da shara. Duk sanyin da ake yi a ranar, da gumi na shiga gida.

Abin da ya fi ci min rai shi ne ni ba ɗan koyo ba ne. Na fi shekara 20 ina tuƙi, kuma duk a mota mai giyar hannu. A Zariya na koya, a wani filin ƙwallo, cikin Peugeot 504 ta kawuna, wadda muke kira Fijo. Da na zo Ingila na sake zama jarrabawar tuƙi na ci, na yi shekaru da wata tsohuwar mota mai shan dizal wadda ko barci nake yi zan iya tayar da ita a kan tudu. Sai ga shi ƙaramar mota mai kujera biyu ta mayar da ni ajin farko.

Da na fara ba da labarin a cikin 'yan uwa mazauna nan, sai na tarar ba ni kaɗai ba ne. Kusan duk wanda ya sauya daga tsohuwar mota zuwa sabuwa mai giyar hannu ya sha irin wannan kunya, sai dai ba kowa ke faɗa ba. Kuma maganar ta wuce kunya. Mota ta mutu maka a bakin shataletale haɗari ne, ƙona kuloci kuma asarar kuɗi ce mai yawa a ƙasar da ladan bakanike na awa ɗaya ya isa cefanen mako.

Motar da ake magana

Mazda MX-5 ce, wadda a Amurka aka fi sani da Miata. A 1989 aka fara nuna ta a bikin baje kolin motoci na Chicago, kuma a 2016 kamfanin ya ƙera ta miliyan ɗaya a masana'antarsa da ke Hiroshima a Japan. Ba motar filin tsere ba ce, ta titi ce, amma an yi ta ne domin daɗin tuƙi: nauyinta tan ɗaya da 'yan kai, giya shida, injin a gaba, tayoyin baya ne ke tura ta. Na daɗe ina tara mata kuɗi, kuma ban saya ba sai da na tabbatar hidimar gida da kuɗin makarantar ƙannena ba za su taɓu ba. Wanda ke zaune a waje ya san wannan lissafin.

Irin waɗannan motoci na cikin 'yan kaɗan da suka rage masu giyar hannu. A Amurka, cikin sababbin motoci 100 da ake sayarwa, masu giyar hannu ba su kai uku ba. Ferrari da Lamborghini sun daina yin su shekaru da suka wuce. Chevrolet Corvette da ta fito a 2020 ba ta da fedar kuloci. Porsche ta cire giyar hannu daga 911 GT3 a 2013, masu saye suka yi ta ƙorafi har ta dawo da ita a 2017. Motocin lantarki kuwa ba su da buƙatarta. Abin da a gida ake ɗauka motar talaka, a nan ya fara zama abin marmari.

Mazda tana da wata kalma ta Japananci da take kwatanta motar da ita, jinba ittai, wato doki da mahayinsa su zama abu ɗaya. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan. Wanda ya taɓa hawan sallah ya san kowane doki da irin bakinsa: wani da ka ɗan taɓa linzami ya ji, wani sai ka ja da ƙarfi. Mahayin da ya saba da mai taurin baki, idan ya hau mai taushi ya ja shi irin jan da ya saba, tsaye dokin zai miƙe. Abin da ƙafata ta yi wa motar nan kenan.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙafa

Yawancinmu mun koyi tuƙi ba tare da wani ya faɗa mana abin da kuloci ke yi ba. An ce mana dai a taka, a sa giya, a saki a hankali. Ga abin a taƙaice.

A bayan inji akwai wani faifan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa muddin inji na aiki. Kusa da shi akwai faifan kuloci, mai fuska irin ta takalmin birki, wanda ke haɗe da akwatin giya. Sai faifai na uku mai sifirin, wanda ke matse faifan kuloci a jikin na inji. Idan ƙafarka ba ta kan feda, ukun a manne suke, ƙarfin inji yana wucewa zuwa taya. Idan ka taka har ƙasa, matsin ya saki, inji na juyawa shi kaɗai. Tsakanin waɗannan biyu akwai wata 'yar gaɓa inda faifan ya fara taɓawa amma bai gama kamawa ba, yana gogawa yana zamewa. Wannan gaɓar ita ce wurin kamu, kuma duk ƙwarewar direba a nan take.

Tafiyar feda daga ƙasa zuwa sama tana da tsawo, amma wurin kamu ɗan yanki ne a cikinta. Ƙasa da shi babu abin da ke faruwa, sama da shi an riga an gama. Ƙafar da ta yi shekaru a mota ɗaya ta haddace inda yankin yake, tana zuwa can ba tare da ta nemi shawarar ƙwaƙwalwa ba. Da ka sauya mota, ƙafar za ta je inda ta saba, ta tarar wurin ya tashi.

Me ya sa sabuwar ta bambanta

Dalili na farko shi ne lalacewa. Kulocin da ya ci shekaru ya siɗe, yawanci kamunsa yana can sama, kuma yana da yafiya. Sabo yana da kauri, sau da yawa yana kamawa tun ƙafa ba ta yi nisa da ƙasa ba, kuma kamun nasa na da kaifi. Ni da na saba ɗago ƙafa da sauri har rabi kafin in fara lallaɓawa, sai na riƙa wuce wurin kamun gaba ɗaya kafin in ankara.

Na biyu shi ne inji. Injin dizal yana da ƙarfin murɗawa tun yana juyi kaɗan, shi ya sa da wuya ya mutu ko ka yi masa garaje. Injin fetur na motar tsere ƙarfinsa a sama yake. Na MX-5 mai lita 2 yana kaiwa juyi 7,500 a minti, kuma sai ya hau yake nuna kansa. A ƙasa, wajen juyi 800, ba shi da abin da zai kare kansa da shi idan ka ɗora masa nauyin mota farat ɗaya.

Na uku shi ne nauyin faifan inji. Faifai mai nauyi yana ajiye ƙarfin juyi, kamar dutsen niƙa da aka riga aka juya, ba ya tsayawa da sauƙi. Masu ƙera motar tsere suna rage masa nauyi domin inji ya riƙa hawa da sauka da sauri. Daɗin kenan idan kana gudu, amma wajen tashi daga tsaye ya rage maka rangwame.

Na huɗu shi ne abin da ke tsakanin feda da kulocin. Tsofaffin ƙananan motoci da yawa da waya suke aiki, kana jin gogar faifan a tafin ƙafarka. Na yanzu galibi da mai suke aiki, irin man birki, ta cikin bututu. Sannan a wasu an ƙara sifirin a jikin feda domin ta yi sauƙin takawa. Masu Toyota GR86 da Subaru BRZ sun daɗe suna maganar wannan sifirin, har wasu suna sauya shi da mai laushi domin su fi jin wurin kamu. A wasu motocin BMW da Honda kuma akwai wani ɗan bawul da ke rage gudun man idan an saki feda da sauri, domin kare akwatin giya daga fizga. Amfaninsa a fili yake, amma yana sa abin da ƙafa ta yi da abin da kuloci ya yi su ɗan saɓa a lokaci.

Na biyar shi ne totur. A Fijon kawuna, waya ce ta tashi daga feda zuwa inji, abin da ka taka shi ka samu. Yanzu feda saƙo take aika wa kwamfutar mota, ita kuma ta yanke hukunci. A motoci da yawa na zamani, idan ka ɗaga ƙafa daga totur domin sauya giya, juyin inji ba ya faɗuwa nan take, sai ya ɗan rataya. An yi haka ne da gangan, musamman domin rage hayaƙi mai guba. Direban da bai san da wannan ba zai saki kuloci tun inji bai sauko ba, mota ta yi tsalle.

Komawa filin koyo

Bayan kwana uku ina jin haushin kaina, na tashi da sassafe ranar Lahadi na tafi wani fili na ajiye motoci da babu kowa, shimfiɗaɗɗe ba tudu ba gangare. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Da kujera na fara. Na gano na zauna da nisa, sai na miƙe ƙafa gaba ɗaya kafin feda ta kai ƙasa. Ƙa'idar ita ce ka taka kuloci har ƙasa, gwiwarka da ɗan lanƙwasa, bayanka bai rabu da kujera ba. Na matso gaba kaɗan, nan take rabin matsalar ta tafi. Sai takalmi. A lokacin sanyi ina sa takalmi mai kaurin ƙasa, wanda ko tsakuwa na taka ba zan ji ba, balle kamun kuloci. Yanzu akwai wani mai siririn ƙasa da nake ajiyewa a motar. Silifa kuma ba ta tuƙi ba ce, tana iya zamewa ko ta maƙale a ƙarƙashin feda. Doka ta 97 a littafin dokokin hanya na Birtaniya ta ce kada tufafi ko takalmi su hana direba sarrafa mota yadda ya kamata. Ranar Juma'a da na shiga da babbar riga na fahimci dalilin, domin sai da na tattare ta a cinya kafin hannuna ya sami sandar giya.

Daga nan sai atisayen da ya fi kowane amfani: tashi ba tare da totur ba. Ka sa giya ta ɗaya, ka sauke birkin hannu, ƙafar dama a gefe. Ka ɗago ta hagu sannu a hankali har ka ji sautin inji ya ɗan sauya, allurar juyi ta ɗan sunkuya, mota ta fara motsi. A nan ka tsaya. Kada ka ƙara ɗagowa, kada ka mayar. Ka riƙe ƙafar a wurin na daƙiƙa biyu ko uku, motar za ta ja da kanta, domin kwamfutar injin tana ƙara ɗan mai idan ta ga juyi zai faɗi. Idan ta kama tafiya, sai ka ƙarasa sakin feda. Ka tsaya, ka sake.

Na yi wannan kamar sau 20, ina hutawa tsakani ina zagaya filin domin kada faifan ya yi zafi. Darasin da na ɗauka shi ne ba a sakin kuloci da gudu ɗaya daga ƙasa zuwa sama. Mataki uku ne: da sauri zuwa bakin wurin kamu, tsayawa a wurin, sannan sakin sauran. Kawuna ya faɗa min haka tun ina saurayi. Yakan ce, "Kai yaro, ba a sakin kuloci, miƙa shi ake yi." Shekaru a kan mota mai yafiya ne suka sa na manta.

Bayan ƙafa ta gane wurin, sai a ƙara totur kaɗan, a kai inji wajen juyi 1,200 zuwa 1,500 kafin a shiga wurin kamu. Kuskuren wanda mota ta taɓa mutuwa a hannunsa shi ne ya riƙa danna totur har juyi 3,000 saboda tsoro, sannan ya riƙe kuloci a rabi ya daɗe. Motar ba za ta mutu ba, amma faifan ne ke ƙonewa a madadin kunyarsa.

Daga ta ɗaya zuwa ta biyu

Tashi ya gyaru cikin mako ɗaya. Abin da ya ɗauke ni kusan wata shi ne sauyawa daga giya ta ɗaya zuwa ta biyu. Kullum sai kan matata ya yi gaba ya dawo, ta dube ni ba ta ce komai ba.

Dalilin lissafi ne. Tazarar da ke tsakanin ta ɗaya da ta biyu ta fi ta kowace giya faɗi, don haka inji yana buƙatar ya sauko sosai kafin juyinsa ya dace da ta biyu. Idan ka saki da wuri, inji yana sama, mota ta zabura. Idan ka yi jinkiri, inji ya faɗi ƙasa da inda ake so, mota ta yi kamar an taka birki. Maganin shi ne ka ba shi ɗan lokaci, kamar numfashi ɗaya, sannan ka ɗan dakata a wurin kamu kamar yadda kake yi wajen tashi, kana mayar da ƙafar dama kan totur a hankali. Daga ta uku zuwa sama tazarar ta matse, ba sai an yi wannan lallami ba.

Da safe a lokacin sanyi, man akwatin giya yana yin kauri, ta biyu takan yi taurin shiga. Ba lalacewa ba ce, kuma ba a tura ta da ƙarfi. Ka ɗan jinkirta a tsakiya, ka tura da yatsu, bayan 'yan mintuna za ta saki.

Akwai kuma maganar hannu, wadda ta shafi duk wanda ya koyi tuƙi a Najeriya, Nijar, Ghana, Kamaru ko Saudiyya sannan ya zo Birtaniya. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, Ghana a 1974, don haka da hannun dama muka saba sa giya. A nan sitiyari yana dama, giya tana hagu. Jerin feda bai sauya ba, kuloci na hagu, birki a tsakiya, totur a dama. Tsarin giya ma bai sauya ba. Abin da ya sauya shi ne a gida kana jawo ta ɗaya zuwa jikinka, a nan kuwa ture ta kake yi nesa da kai. A motar tsere sandar gajera ce, ramukan giya kuma a kusa da juna suke. Kuskure mafi tsada shi ne kana gudu a ta biyar, ka nufi ta huɗu, ka faɗa ta biyu. Tayoyi za su tilasta wa inji juyin da ya fi ƙarfinsa, kuma na'urar da ke taƙaita juyi ba za ta iya cetonsa ba, domin ba mai ne ke tura shi ba. Kariyar ita ce ka san cewa sandar tana da sifirin da ke mayar da ita tsakiya, daidai layin ta uku da ta huɗu. Daga ta biyar, ka fitar da ita, ka bar ta ta koma tsakiya da kanta, sannan ka ja baya kai tsaye. Kada ka damƙe ta kamar taɓarya. Idan kuma ka fara sakin kuloci ka ji inji ya yi ƙara fiye da kima, ka mayar da ƙafa ƙasa nan take.

Garin tuddai

Wanda ya san Sheffield ya san gari ne na hawa da sauka. Akwai titin Jenkin Road, wanda tsananin hawansa ya sa aka bi da masu tseren keke na Tour de France ta kansa a 2014. A irin wannan gari ne ɗabi'u biyu da muka taso da su suke fitowa fili.

Ta farko ita ce riƙe mota a tudu da rabin kuloci. A gida abin alfahari ne direba ya tsayar da mota cak a hawa ba birki, ƙafa biyu suna aunawa. Gwaninta ce, amma duk daƙiƙar da aka yi a haka faifan yana gogawa yana zafi. Idan za ka tsaya fiye da ɗan lokaci, ka ja birkin hannu, ka fitar da giya, ka sauke ƙafa. In lokacin tashi ya yi, ka sa ta ɗaya, ka kawo kuloci wurin kamu har ka ji motar ta ɗan yunƙura, sannan ka sauke birkin. Sababbin motoci da yawa, har da tawa, suna da na'urar da ke riƙe birki na kamar daƙiƙa biyu bayan ka ɗaga ƙafa a kan tudu. Da farko ta rikita ni, domin nakan ji kamar an riƙe motar ta baya sai in ƙara totur. Da na san tana nan, sai ta zama abokiyar aiki.

Ta biyu ita ce sa mota a firi a gangare domin tsimin mai. A tsohuwar mota mai kafireto akwai ɗan gaskiya a ciki. A injin zamani abin ya juye: idan mota tana cikin giya, ƙafa ba ta kan totur, kwamfuta tana yanke mai, tayoyi ne ke juya inji. A firi kuwa dole ta ci gaba da ba shi mai domin kada ya mutu. Ga shi kuma ka rasa taimakon inji wajen rage gudu, duk nauyin ya koma kan birki. Doka ta 122 a littafin dokokin hanya ta yi gargaɗi a kan wannan. Haka nan ɗora ƙafa a kan fedar kuloci ana cikin tafiya, ko da ba a taka ba, yana cinye shi a hankali. Akwai wurin ajiye ƙafar hagu a gefe, domin haka aka yi shi.

Saukowa da giya, da ranar ruwa

Wajen sauko da giya lissafin ya juya: inji yana buƙatar ya hau kafin ya dace da ƙaramar giya. Idan ka saki kuloci haka kawai, shi ne zai ja injin sama da ƙarfi, mota ta yi turjiya. A busasshen titi rashin daɗi ne kawai. A jiƙaƙƙen titi ko mai ƙanƙara, a motar da tayoyin baya ke turawa, wannan turjiya tana iya sa bayan ya zame, musamman a kwana. A ƙasar da ruwa ba shi da damina ba shi da rani, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Maganin shi ne ka ɗan taɓa totur sau ɗaya, kuloci na ƙasa, kafin ka saki. Inji ya hau ya tarbi giyar. Wasu motocin suna yi wa direba wannan da kansu. Nissan 370Z ce ta fara zuwa da irin wannan na'ura a 2009, yanzu kuma akwai ta a Honda Civic Type R da Toyota GR Yaris da wasunsu. Tawa ba ta da ita, sai na koya da ƙafa, a miƙaƙƙen titi, daga ta huɗu zuwa ta uku, har kunnena ya san sautin. Ƙa'idar da na riƙe ita ce in gama taka birki da sauya giya kafin in shiga kwana.

Laifin ƙafa ko na mota

A makon farko na so in mayar da motar a duba ta. Da na yi, da na sha kunya ta huɗu, domin lafiyarta ƙalau. Amma akwai alamomin da ba na rashin sabo ba ne. Idan kana cikin babbar giya ka danna totur, juyin inji ya hau amma gudu bai ƙaru ba, kuloci na zamewa. Idan feda ta yi laushi ko ta ƙi dawowa sama, a duba mai ko iska a bututu. Idan giya tana ƙara wajen shiga alhali ka taka har ƙasa, ko wurin kamu yana sauyawa daga yau zuwa gobe, ko ƙauri yana tashi ba tare da ka wahalar da ita ba, a kai ta da wuri.

Dalilin gaggawar shi ne garanti. Kamfanoni suna lissafa faifan kuloci cikin kayan da ke cinyewa da amfani, kamar takalmin birki. Idan an buɗe an ga alamar ƙuna ta hannun direba, kai za ka biya, kuma aikin ya ƙunshi sauke akwatin giya gaba ɗaya. Ɗaruruwan fam ne, in faifan inji ya taɓu kuma abin ya haura haka sosai. Saboda haka ne ma ba na son a yi saurin cire sifirin ko bawul a sabuwar mota don an ga wasu sun yi a intanet. Kana iya raunana garantinka, kuma a Birtaniya ana buƙatar ka sanar da kamfanin inshora gyare-gyaren da ka yi wa mota. Ka ba ƙafarka wata ɗaya ko biyu tukuna. Sabon kuloci ma yana ɗan laushi bayan ya yi tafiya.

Littafin motar yana da abin faɗa a kan makonnin farko. Mazda ta ce a kilomita 1,000 na farko a guji tashi da cikakken totur da wahalar da inji. Na GR86 da BRZ ya ce a mil 1,000 na farko kada a wuce juyi 4,000 sai da larura. Wannan lokacin lallaɓawa shi ne daidai lokacin da ƙafa ke buƙata.

Ga ɗalibai da sababbin zuwa, akwai abu uku da ya kamata a sani. Lasisin Najeriya yana aiki a Birtaniya na wata 12 ne kawai daga lokacin da mutum ya zama mazauni, bayan haka sai ya ci jarrabawar nan. Wanda ya ci jarrabawa a mota otomatik, lasisinsa bai ba shi damar tuƙa mai giyar hannu ba, amma wanda ya ci a mai giyar hannu yana iya tuƙa duka biyun. Sannan wanda ya tara maki 6 na laifi cikin shekara 2 da cin jarrabawa, an soke lasisin, sai ya sake daga farko. Mai sha'awar motar tsere ya riƙe wannan na ƙarshen da kyau.

Wata na uku da sayen motar, na bi hanyar Snake Pass, wadda ta ratsa tsaunukan Peak District tsakanin Sheffield da Glossop, hanya ce mai kwana-kwana da hawa da sauka. Sai da na sauka a ɗaya gefen na tuna ban yi tunanin ƙafata ko sau ɗaya ba, kuma matata tana ta barci a gefe. Da daddare na kira kawuna na ba shi labarin tun daga ranar farko. Ya yi dariya har da tari, ya ce in na zo hutun ƙarshen shekara akwai tsohuwar motarsa tana jirana, zai zauna a gefe ya ƙirga sau nawa za ta mutu kafin mu kai Kwangila.